Idan mai saye ya dawo da ƙorafin da bai kwanta maka ba



Wani daren Talata bayan sallar isha'i, ƙanwata ta kira ni muryarta na rawa. Sana'arta sayar da atamfa da leshi, kuma daga ɗakinta take yi. Ba ta da shago, ba ta da rumfa. Takan shiga Kantin Kwari sau ɗaya a sati ta saro abin da jarinta ya iya ɗauka, ta dawo gida ta shimfiɗa a kan gado ta ɗauki hoto, ta ɗora a sitatus ɗinta na WhatsApp. Da wannan take biya wa yaranta kuɗin Islamiyya, da shi take zubin adashe. Kwana 9 kafin wannan dare ta sayar wa wata mata da ke Abuja leshi yadi 5 a kan naira 68,000. Matar ta turo kuɗi, aka kai kaya tashar Unguwa Uku aka sa a mota, washegari ta karɓa, har ta turo saƙon murya tana cewa ya yi kyau, Allah ya bar zumunci.

Sai ga ta a daren nan da hoto guda ɗaya, dishi-dishi, an ɗauka a hasken fitila, yana nuna wani gefen yadi da ɓula. Ta ce an cuce ta, a dawo mata da kuɗinta yau ɗin nan. Ta turo lambar asusu mai sunan namiji, ta ce nata ya sami matsala, wannan na ƙanin mijinta ne. Ƙanwata ta ce to Hajiya ki dawo da leshin in gani. Ta ce ta riga ta kai wa tela, ba ta da lokacin yawon tasha. Sannan ta rufe da maganar da ta karya wa ƙanwata gwiwa: in ƙarfe 10 ta yi ba ta ga alat ba, hotonta da lambarta za su zaga duk gurup ɗin mata, kowa ya san 'yar damfara ce.

Ƙanwata ta ce min, "Yaya, wallahi na buɗe manhajar banki, na rubuta kuɗin, lambar sirri kaɗai ta rage in danna." Na ce mata, "Ki rufe. Ki rubuta mata layi biyu kawai, cewa kin ga saƙonta, kin ji ba daɗi, gobe da safe za ki duba ki ba ta amsa. Daga nan ki ajiye wayar ki kwanta."

Na fara da wannan ne saboda na lura abu na farko da ake ƙwace wa mai sayarwa a irin wannan rikici shi ne lokaci. Ana ba ka awa biyu, ana ba ka zuwa magariba, ana cewa yanzu-yanzu. Mutumin da aka cuta da gaske ma yakan yi gaggawa, zan zo kan wannan, amma babu wani haƙƙi nasa da zai lalace don an kwana ɗaya. Kuɗin da ka tura cikin firgici kuwa, dawo da shi sai an sha wuya, in ma ya dawo.

Mu ɗan koma baya mu ga abin da muka rasa. Wanda ya taɓa zuwa karar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya san ba a cinikin sa tsakanin mutum biyu su kaɗai. Akwai dillali a tsakani. Ya san mai dabbar, ya san garinsu, shi zai tsaya a kan cewa ba ta sata ba ce. Akwai mutane a tsaye sun ji lokacin da aka ce albarka, sun ji lokacin da aka ce an sallama. In bayan kwana biyu mai saye ya dawo ya ce saniya gurguwa ce, akwai wanda zai ce a'a, a gabana ta taka lafiya, ko kuma ya ce gaskiya ne, ni ma na ga tana ɗingishi. La'adar da ake ba dillali kuɗin wannan tsayuwar ce. Haka abin yake a kasuwannin Kurmi da Kwari da Sabon Gari: maƙwabcin rumfa shaida ne, shugabannin kasuwa alƙalai ne na kusa. Da ciniki ya koma cikin waya, duk waɗannan mutane suka fita, aka bar mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, da hoto da alat a tsakaninsu. Iyayenmu sun hana cinikin biri a sama, ga shi yau rabin cinikinmu haka yake. Abin ya ƙara ƙarfi tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da Babban Banki ya sauya fasalin kuɗi, har mai ƙosai da mai shayi suka koma karɓar tiransifa. Jama'a sun shiga wannan kasuwa da ƙafa biyu, amma ba wanda ya shigo musu da dillali da shaidu. Dole mai sayarwa ya samar wa kansa abin da zai tsaya a madadinsu.

Kafin in ce komai a kan zargi, bari in tsaya wa mai saye, domin yana da haƙƙi, kuma haƙƙin tsoho ne. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta babin ciniki, ya ji hukuncin aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Akwai hadisi sananne a kan dabbar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a yaudari mai saye. An ba mai sayen zaɓi har kwana 3, in ya so ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya zo da lahani ko ya saɓa da yadda aka siffanta shi. Don haka rubutun nan da wasu ke mannawa a ƙasan hoto, wai in an saya ba a dawowa, ba ya wanke wanda ya sayar da abu mai aibi. Kuma wadda ta mayar da saye da sayarwa sana'a, ko daga kan gadonta take yi, kada ta ɗauka dokar ba ta san da ita ba.

Amma ku lura da wani abu a cikin hukuncin dabbar nan. Ita dabbar komawa take yi wurin mai ita. Ba a ce mai saye ya riƙe akuya ya kuma karɓi kuɗi ba. Sannan malaman fiƙihu sun yi magana a kan aibin da ake jayayya a kansa, shin tsoho ne tun yana hannun mai sayarwa, ko a hannun mai saye ya faru. Suka ce a kai wa masana abin su duba. Ƙa'idar shari'a kuma kowa ya san ta: wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja. To wannan shi ne duk abin da nake so mai sayarwa ya riƙe. Kaya ya dawo, a duba shi, in aibin naka ne ka biya ba tare da ja-in-ja ba, kuma kuɗin ya koma ta ƙofar da ya shigo. Kyawun wannan hanya shi ne ba ta buƙatar ka san zuciyar mutum. Mai gaskiya zai bi ta ya sami haƙƙinsa cikakke. Wanda ya zo da wata manufa, a hanya zai gaji ya tsaya, ba tare da ka kira shi ɓarawo ba.

Na san dalilin da ya sa nake nanata kada a kira mutum ɓarawo, domin na taɓa yi, kuma har yau abin yana damuna. Shekarun baya na sayar da wayata ta hannu ga wani saurayi ɗalibi a Gombe. Kwana biyu da karɓa ya fara kira. Ya kira ya fi sau goma a yini ɗaya. Ya ce waya tana mutuwa da kanta ko da caji ya kai rabi. Muryarsa a sama, ba sallama, ba gaisuwa, yana cewa a ba shi kuɗinsa yau. Ni kuwa na yi shekara biyu da wayar ban ga haka ba. Nan take zuciyata ta yanke hukunci: ya canza batir ne, ko yana so ya dawo min da wata matacciya mai kama da ita. Na gaya masa magana mai zafi. Na ce masa na san irinsu, ba a kaina za a fara ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, kuɗin nan wata bakwai na yi ina tarawa." Ya sa wayar a mota da kuɗinsa. Da ta iso na danna *#06# na gwada lambar IMEI da wadda ke jikin kwalin da ya rage a wurina. Ita ce, ba a canza ba. Na kai ta Farm Centre wurin wani mai gyara da na sani. Ya buɗe a gabana, ya nuna min sukurorin ba wanda ya taɓa su, ya ɗago batir ya ce, "Alhaji, duba, ya fara kumbura. Wannan ya daɗe yana ciwo, kai ne ba ka lura ba don kullum tana jikin caji a ofis." Na mayar wa yaron kuɗinsa da kuɗin motar da ya biya, na kira shi na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai. Amma maganar da na gaya masa ta riga ta fita.

Duk alamomin da ake cewa a kula da su, yaron nan yana da su: gaggawa, faɗa, yawan kira. Ashe tsoro ne irin na wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a abu ɗaya. Tun daga ranar na daina ɗaukar zafin murya a matsayin hujja. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura, kuma masu sayarwa da yawa an sare su, na sani. Sai dai mafi yawan masu dawowa da ƙorafi mutanen kirki ne da suka ga abin da bai yi musu ba. Kala ta bambanta da ta hoto saboda hasken waya, takalmi ya matse, kwalbar humra ta fashe a but ɗin mota an ɗora mata buhu. In ka tarbi kowa da zargi, za ka kori masu gaskiya goma kafin ka kama macuci ɗaya.

To me ya kamata ya sa mutum ya ɗaga gira? A wurina abu biyu ne suka fi nauyi, sauran duk ƙanana ne. Na farko, mutum ya ƙi yarda a ga kayan ta kowace hanya. Ka ce ya dawo da shi, ya ce ba lokaci. Ka ce za ka biya kuɗin mota, ya ce ya ba wani. Ka ce ya ɗauki bidiyo da rana, ya ce kyamararsa ta lalace. Ka ce ɗan'uwanka na garin zai zo ya duba, ya ce ya yi tafiya. Uzuri ɗaya ba komai ba ne, kowa yana da uzuri. Amma in duk ƙofar da ka buɗe sai an rufe ta, kuɗin kaɗai ake so ya fito, to ruwa ba ya tsami banza.

Na biyu, kuma a nan nake so a buɗe kunne sosai, shi ne a ce ka mayar da kuɗi wani asusu daban da wanda ya biya ka. Mutane da yawa suna ganin wannan ƙaramin abu ne, ai kuɗinsa ne, duk inda ya ce a tura sai a tura. Bari in faɗi yadda ake shirya abin. Macuci yakan yaudari wani bawan Allah can daban, ya ce zai sayar masa da wani abu, ya ba shi lambar asusunka a matsayin inda zai biya. Ko kuma ya yi amfani da asusun da aka yi wa kutse, ko wayar da aka sace. Kuɗi ya shigo maka, kai kana ganin kwastomanka ne ya biya. Bayan kwana kaɗan ya zo da ƙorafi ya ce a mayar masa ta wani asusun. Kana turawa, ka wanke masa kuɗin sata da hannunka. Ranar da mai kuɗin na gaskiya ya kai ƙara banki ko wurin hukuma, sunan da za a gani a takarda naka ne, asusun da za a sa wa takunkumi naka ne, kai za ka yi ta zirga-zirga kana bayani. Ga kaya sun tafi, ga kuɗi sun tafi, ga jarinka a kulle. Saboda haka ko da ka tabbata ƙorafin gaskiya ne, kuɗi ya koma asusun da ya fito, da sunan da ya fito. In an ce asusun ya sami matsala, a je a gyara, kuɗin na nan yana jira. Kuma tun ranar ciniki, in ka ga sunan da ke kan alat ya saɓa da na wanda kuke magana, ka tambaya kafin ka sa kaya a mota.

A gefen wannan akwai wata dabara da ba sai na daɗe a kanta ba. Wani zai kira ka ya ce daga banki ne ko daga kamfanin manhajar da kuka yi ciniki, an shigar da ƙorafi a kanka, ka karanto lambar da aka turo maka yanzu ko ka danna wani adireshi don a warware. Babu bankin da ke neman lambar sirrinka ko lambar OTP ta waya. Ka kashe kiran, ka taka zuwa reshe da ƙafarka.

Mu koma wurin ƙanwata. Da gari ya waye na je gidan. Na ce ta buɗe hirarsu tun daga farko, kada ta goge komai, ta ɗauki hoton kowane shafi, ta adana saƙon muryar nan na "ya yi kyau". Muna cikin dubawa sai ga wani bidiyo da ita kanta ta manta da shi. Ashe al'adarta ce kafin ta naɗe leshi takan shimfiɗa shi ta auna da tef a gaban kyamara don mai saye ya ga yadi 5 ne cif. Ba don shaida take yi ba, don talla take yi. A cikin bidiyon ana ganin yadin daga bakinsa zuwa bakinsa, ba ɓula, ana kuma ganin tambarin ruwan zinare da aka buga a gefensa. Ga kuma hoton ƙunshin a tasha, da lambar motar, da lambar direba. Na ce mata ai ga dillalinki ga shaidunki nan, kina da su ba ki sani ba.

Muka zauna muka tsara amsa, ita ta rubuta da bakinta. Ta ce: "Hajiya, barka da asuba. Wallahi ban ji daɗin abin da kika gani ba, Allah ya ba ki haƙuri. In aibin daga wurina ne, kuɗinki cikakke zan mayar miki, har da kuɗin mota zuwa da dawowa. Ki taimaka ki karɓo shi daga wurin tela ki sa a mota, ko kuma 'yar yayarmu da ke Kubwa ta zo ta karɓa duk inda kika ce. Ranar da ya iso na duba, ranar zan tura, ta asusun da kika biya ni." Ba zagi, ba habaici, ba ta ce mata ƙarya take yi ba, ba ta kuma ce ta yarda da laifi ba. Na hana ta kira, na ce komai ya zama a rubuce, domin maganar baki ta waya iska ce, gobe kowa zai faɗi abin da ya ga dama. Na kuma hana ta tura bidiyon awon a lokacin. Wanda ke shirin musanya kaya, in ka nuna masa alamar da kake dubawa, ka koya masa abin da zai gyara.

Amsa ta zo da zafi. Ta ce za ta sa a kama ta, tana da mutane. A nan ne na ga abin da ya fi tsorata ƙanwata, kuma shi ne ya sa na kawo maganar nan gidan rediyo. Ba asarar naira 68,000 ce ta hana ta barci ba. Tsoronta shi ne maigidanta ya ji an ambaci 'yan sanda, ko a turo wa danginsa hotonta da sunan damfara, ya ce daga yau an daina wannan sana'ar. Mata da yawa da ke kasuwanci daga cikin gida a kan wannan siraɗin suke tafiya. Da ƙyar aka bar su suka fara, kuma magana ɗaya ta isa ta rufe. Masu wannan barazana sun san haka sarai, shi ya sa suka fi auna mata. Ina roƙon mazaje da iyaye da yayye, in matarka ko 'yarka ta zo maka da irin wannan, kada maganarka ta farko ta zama "ai dama na faɗa miki". Ka zauna ka karanta hirar tare da ita. Ranar da ta san akwai wanda zai tsaya mata a gida, ranar barazanar ta rasa rabin ƙarfinta. Da yamma na sami maigidan nata na ba shi labari tun daga tushe, ya karanta da idonsa, ya ce kada ta tura ko sisi sai kaya ya dawo.

Game da kamu kuwa, ya kamata jama'a su san dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a kan saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya kawai. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. In an yi zargin damfara, wannan laifi ne, za su iya gayyatarka, kuma in an gayyace ka ka je, da hirarku da rasit da bidiyonka a hannu, tare da wani babba. Wanda ya nuna a rubuce cewa tun ranar farko ya ce a dawo da kaya ya biya, ya riga ya yi wa kansa rabin bayani. In magana ta ƙi ƙarewa, akwai mai unguwa, akwai shugabannin kasuwa, akwai zauren sulhu na Hisbah, akwai kuma kotunan ƙananan ƙararraki da Kano ta buɗe a 2019 bayan Legas, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Ita kuma barazanar yaɗa hoto, kundin hukunta laifuka na Arewa ya san ɓata suna, ya san karɓar kuɗi ta hanyar tsoratarwa. Sai dai wuƙar nan kaifi biyu gare ta. Na sha ganin masu sayarwa sun fusata sun ɗora hoton kwastoma da lambarta a sitatus sun rubuta "ɓarauniya, a kiyaye". Wannan kuskure ne babba. In ta tabbata mai gaskiya ce, ka zalunce ta a gaban duniya, kuma ba ka da hanyar bin kowace waya ka goge. In ma macuciya ce, ka ba ta abin da za ta kai ka ƙara da shi.

Wani zai ce, Malam, duk wannan wahala a kan kayan naira 4,000? Gaskiya ne, wani lokaci kuɗin motar dawowa ya fi kayan. A irin wannan, bidiyo mai kyau da aka ɗauka da rana ya wadatar, in ka ga aibin ka yi rangwame ko ka aika wani. Har ma akwai wanda zai dawo ba don aibi ba, don dai ya yi nadama, kuma addini ya kwaɗaitar da a karɓi uzurin irin wannan a fasa cinikin. In ka yi haka don Allah da sanin ya kamata, ka yi abin kirki, kuma sau da yawa ka sami kwastoma na har abada. Abin da nake ƙi shi ne biyan da tsoro ya sa aka yi. Wanda ya karɓa ta hanyar barazana zai dawo, in bai dawo ba zai ba abokinsa lambarka, kuma gobe wata baiwar Allah zai je wa da ƙarin ƙwarin gwiwa.

Bayan kwana biyu shiru, ranar Juma'a da safe sai matar ta turo hoton wani ƙunshi a tashar Jabi, da lambar direba. Ta ce ga shi nan ta sa a mota, a turo kuɗin yanzu tunda ta cika nata. Ƙanwata ta ce Allah ya kawo shi lafiya, in ya iso za ta duba. Aka sake kira, aka sake faɗa, ta maimaita maganarta ɗaya. Da la'asar direba ya kira, muka je Unguwa Uku tare. Na ce kada ta buɗe a gida. A nan gaban direban da wani dattijo ɗan kamasho ta kunna kyamara, ta nuna ƙunshin a ɗaure ta kowane gefe, sannan ta yanke selotef. Kalar iri ɗaya ce, zanen furen ma ya yi kusa. Amma tana taɓawa ta dube ni. Yadin ya fi nata sauƙi a hannu, babu tambarin zinare a gefensa, da ta sa tef kuma yadi 4 da rabi ya bayar. Dattijon nan ya karɓa ya murza tsakanin yatsunsa ya ce, "'Yata, wannan ya sha wanki."

Ranta ya ɓaci, ta so ta rubuta abin da ke bakinta. Na ce ta bari. Ta tura bidiyo biyu a jere, na ranar aikawa da na ranar karɓa, ta rubuta: "Hajiya, wannan da ya iso ba shi ne na aiko miki ba, wataƙila an samu musanya a wurin tela. Ki bincika. In nawa ya fito kuma da aibi a jikinsa, maganata tana nan. Wannan kuma zan mayar miki da kayanki." Washegari Asabar ta naɗe shi, ta biya kuɗin mota daga aljihunta, ta tura lambar direba. Saƙon ya nuna an karanta. Ba a ba da amsa ba, ba a kuma ɗora hotonta a ko'ina ba. Da yamma direban ya kira ya ce wani yaro ya zo ya karɓa.